Wayar da Aka Ja da Gayya

Kaura Namoda,
ranar Laraba, bayan La'asar.

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina kuma roƙon Allah Ya sa lokacin da za ka buɗe takardar nan ka riga ka sauka Shinkafi lafiya, ka sha ruwa, ka miƙe ƙafa. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya rufe idon mugu daga motar da ka shiga, amin.

Na san za ka yi dariya. Gida ɗaya muke kwana, amma sai ga takarda cikin jakar kayan aiki, ƙarƙashin filaya. To ya zan yi? Kai ne na fari, bakina ba ya iya doguwar magana da kai. Ko sunanka ban taɓa kira ba. Da ka gama makaranta ka zo da takardar shaida na samu sauƙi, na laƙa maka Injiniya, har 'yan unguwa suka ɗauka. Jiya na zauna kusa da kai kana shirya kaya, na buɗe baki sau nawa, abin da ya fito kawai shi ne, "Ka ɗauki caja?" Saboda haka ka yi haƙuri da rubutun tsoho.

Aikin da aka ba ka na gane shi sarai. Ƙaramin asibiti ne a ƙauye bayan Shinkafi, an kafa musu farantin intanet da sola, kai kuma za ka ja wayar intanet daga ɗakin na'ura zuwa ɗakin haihuwa, da ɗakin magani, da gidan ma'aikata da ke can ƙetaren fili. Haɗa kan waya da saita na'ura ka fi ni, ban isa in koya maka ba. Abin da nake so in faɗa maka ɗaya ne. A garin da hanya ke da lafiya, idan waya ta lalace sai a ce a kira mai gyara. A nan wurinmu, wayar da ta ji rauni wurin sawa tafiya ta biyu ce a kan hanyar nan da ka sani. Ni kuwa sau ɗaya nake so ka bi ta, ka dawo.

Bari in fara da wautata ta farko. Lokacin ina aikin wayarin ɗin gidaje, wani mai shago kusa da tasha ya buɗe wurin intanet, ya ce in ja masa waya zuwa kwamfutocinsa. Na ce waya ai waya ce. Na ajiye gammon wayar a ƙasa ina zara ta sama, tana fitowa a murɗe, tana ƙullewa. Duk inda ta ƙulle sai in taka da takalmi in fizge, ta miƙe. Na bi bango da ƙusa, ina lanƙwasa kan ƙusar a kanta da guduma, in buga har sai ta kwanta. A lungu kuma na karya ta tsaf, don ta yi kyau a ido. Wallahi da na gama har na ja baya ina kallon aikina ina jin daɗi. Rabin kwamfutocin suka ƙi kamawa, sauran kuma su kama su saki. Mai shagon, mutum ne mai sanyin hali, ya dube ni ya ce, "Malam Sani, ko dai wayar ce ba ta son Kaura?" Na kwana biyu ina zagin kamfanin da ya yi ta kafin wani ya yanka mini ita ya nuna mini cikinta. Siraran wayoyin nan da aka murɗa biyu-biyu duk na warware su, wasu na matse su sun yi faɗi.

Tun daga ranar na san cewa wayar wuta tana yafiya, wayar intanet ba ta yi. Kuma rauninta a ciki yake, rigarta na nan lafiya lau tana yi maka murmushi. Don haka kada ka zari waya daga gammo yana kwance. Ka ari taɓarya a gidan da ke kusa, ka zura a tsakiya, mutum biyu su riƙe, gammon ya riƙa juyawa da kansa. Matan gidan za su yi maka dariya, ka bar su su yi. Idan ta ƙulle, ka tsaya ka warware da yatsa. A lungu kada lanƙwasarta ta fi bakin kofin shayi tsanani, in kuwa mai zaren gilashi ce, to bakin kwanon tuwo. Kilif kuma, ƙusar nan mai kan roba ta riƙe waya a bango, riƙo aka ce ya yi, ba shaƙewa ba. In ka buga ka ga ba ta iya ɗan motsi a ciki, cire ka sake.

Sai ta Zurmi. Wannan ko yanzu Innarka in tana son ta ba ni haushi ita take tayarwa. Wata makaranta ce, na huda bango zan wuce da waya ta cikin bututun roba, ta ƙi tafiya. Na duba babu abin da zan shafa mata ta yi santsi, sai ga mai ƙosai a bakin ƙofa. Na sayi man gyaɗa na shafe wayar nan tun daga kai har gindi. Kai, ta wuce sumul! Na ce lallai Sani kana da kai. Ashe walima na shirya. Kafin wata ya zagayo ɓerayen silin sun gayyato 'yan'uwansu na unguwa, sun cinye rigar tas, kiyashi kuma sun cika bututun. Da na dawo gida na ba da labari, Innarka ta ce, "Da ka sani ka barbaɗa musu yaji, su san sun ci ƙosai." Kada ka shafa wa waya man girki, kada ka shafa mata baƙin mai, shi kuma cin robar yake yi a hankali. Akwai man da aka yi don haka, na ga kana da shi. In ya ƙare, hodar jarirai ta wadatar.

A wannan aikin dai na ga abin da bakin kwanon rufi ke yi. Na ɗora waya ta kan rufi ta sauka ta gefen kwano, ba komai tsakaninsu. Iska na kaɗawa, kwano na gogawa, har ya kai ga jan ƙarfe. Abin da ya sa kenan ka ga ina tara tsohon tiyub na babur a bayan shago, kana cewa Baba ya zama bola. Duk inda waya za ta taɓa kwano, ko bakin ramin da ka huda a bulo, ko ƙarfen taga, ka yanki tiyub ka naɗe ta, ka ɗaure. Ka sa shi tun kafin ka fara ja, domin lokacin ja ne bakin bulo ke feƙe riga. Na yanka maka dami guda, yana aljihun jakar na gefe. Yankan ba daidai yake ba, idona ya fara gajiya, amma zai yi aiki.

Maganar rami ba sai na tsawaita ba. A Dauran na taɓa binne waya zurfin tafin hannu biyu a gefen fili, da rani, ƙasa ta yi tauri, na ce wa zai zo nan? Ashe filin gonar wani ce. Ruwan farko na sauka ya zo da shanunsa da garma, ya fito da wayata gunduwa-gunduwa, har ya tattara ya kawo mini a buhu, wai ko za ta yi wani amfani. Ka tambayi tsofaffi inda ake noma da inda amalanke ke bi kafin ka ja layi. Ka tabbata zurfin rami ya wuce gwiwa. Yashi a ƙasa, bututu, yashi a sama, sannan ka jera fasassun bulo, don wanda zai yi haƙa wata rana ya ci karo da bulo ya tsaya. Waya mai sulken ƙarfe ita ce ta ƙasa, kada wani ya ce maka ta cikin ɗaki ma za ta yi. Ka toshe bakin waya da tef kafin ta shiga bututu. Kuma ranar ja, kada ka bar ta shimfiɗe a hanya ko na ɗan lokacin sallah ne, domin ɗan acaɓa ba ya ganin waya.

To, yanzu ga wadda ta sa na ɗauki biro.

Ka san ƙafata. Kana aji nawa ma lokacin, ka zo asibiti ka tsaya bakin ƙofa ka ƙi shigowa. Ka san a hanya abin ya faru, kowa ya sani. Abin da ban taɓa zama na jera maka ba shi ne abin da ya kai ni hanyar ranar nan.

Wani ƙauye ne gaba da Gurbin Bore, aiki irin naka sak, ƙaramin asibiti da waya mai tsawo zuwa wani gini a ƙetaren fili. Mutanen garin nan, Allah Ya saka musu da alheri, ban taɓa ganin karamci irin nasu ba. Da mai gari ya ji za a haƙa rami sai ya sa aka yi shelar gayya, yadda ake yi in za a nome gonar wanda ba shi da lafiya. Da safe samari suka fito da diga da shebur, mai kalangu na biye da su, mata suka kawo kunu da fura. Ramin da na yi zaton zai cinye mini mako, kafin Azahar an gama. Na shimfiɗa bututu, akwai lanƙwasa biyu saboda wata tsohuwar rijiya da muka kauce wa. Na zura igiya, na ɗaura waya, na fara ja a hankali. Ta wuce lanƙwasar farko. A ta biyu ta tsaya cak.

Na san abin da ya kamata. A tsaya, a mayar da ita baya kaɗan, a tone wurin lanƙwasar, a buɗe, a tura da hannu. Ina tsugune ina tunanin haka sai ga mai gari a kaina, dattijo mai farin gemu, ya girmi mahaifina. Ya ce, "Malam Sani, mi kake yi haka kai ɗai, ga mutane tsaye? Hannu guda ba ya ɗaukar jinka. Asibitinmu na, matanmu ka haihuwa ciki. Yara, ku kama mashi!"

Injiniya, ka gaya mini, ta yaya zan dubi dattijon nan a gaban jama'arsa, furarsa na cikina, in ce a'a? Na ce, "Ranka ya daɗe, a dai yi a hankali." Wa ya ji ni? Samari suka jeru a kan igiya kamar masu fitar da saniya daga rijiya, mai kalangu ya ƙara wuta. "Hoɓɓasa! Hoɓɓasa!" A ja na uku wayar ta fito fit, har na gaba ya faɗi zaune. Mata suka rangaɗa guɗa. Na kama wayar a hannuna na ji ta da ɗumi, ta ɗan sirance, launinta ya yi fari-fari a wasu wurare. Gabana ya faɗi. Na haɗa kan wayar na sa testa don gwaji, fitilu suka kama duka. Na ce wa kaina, ka gani, tsoro ne kawai. Aka rufe rami, aka yanka mini zakara, na kamo hanya.

Ta yi aiki duk rani. Da damina ta kankama, ruwa ya shiga bututu, ya sami inda riga ta saɓule a lanƙwasar nan, shi kenan. Ma'aikaciyar asibitin, wata baiwar Allah da ita kaɗai ke riƙe da wurin, ta hau tudu inda ake samun sabis ta kira ni. Ta ce, "Baba, ta nan nake nuna wa likita marar lafiya in abu ya fi ƙarfina, ta nan nake neman magani. Yanzu ga mata masu ciki, ga zazzaɓi ya shigo." Ba ta zarge ni ba, ba ta ma san akwai abin zargi ba. Innarka ta ce in bari hanya ta lafa. Na ce aikina ne.

Sauran ka sani. Mun wuce Zurmi da kaɗan muka ji harbi, direba ya saki hanya, kowa ya yi ta kansa cikin gero. Ina gudu ban ga kwazazzabo ba. Ina kwance a ciki da karyayyen ƙugu har rana ta yi sanyi, sannan wasu manoma suka ji nishina. Cikin waɗanda muka shiga mota tare akwai waɗanda aka tafi da su daji. Ni Allah Ya bar ni da sanda, kuma na gode masa. Asibitin kuwa sai da damina ta wuce aka samu wanda ya je ya sake musu waya.

Ƙaddara ce, ban musa ba, kuma ƙaddara ta riga fata. Ban taɓa jin haushin mai gari ba ko na rana ɗaya, alheri ya yi nufi, kuma a saninsa haka ake taimako. Amma tun da na daina hawa tsani na samu lokacin tunani, kuma kullum wuri ɗaya nake dawowa. Tafiyar farko aiki ne ya kai ni. Ta biyu kunya ce ta kai ni.

Kai ma za su yi maka gayya. Na san mutanenmu, ba za su iya zama suna kallon baƙo yana gumi a kan abin da nasu ne ba. Kuma na san ka, ka fi ni kunya, ko kuɗin cefane ba ka iya karɓa daga hannuna sai ka sunkuyar da kai. Don haka kada ka jira sai waya ta tsaya, dattijo na kanka, sannan ka nemi bakin magana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar da ka sauka, kafin ka buɗe kwali, ka je wurin mai gari kai kaɗai, ka cire takalmi, ka zauna ƙasa. Ka ce masa, "Baba, na zo da amana, ina neman wanda zai tsare mini ita. Wayar nan ba ta son ƙarfi, ko ungozoma ba ta fizgo jariri." Ka roƙe shi ya ba ka dattijo ɗaya da zai zauna wurin gammo da sandarsa. In hani ya fito daga bakin mai gari, ya zama doka, kuma ba ka kunyata kowa ba.

Sannan kada ka kori kowa, ka raba musu aiki. Ƙarfafa su yi haƙa. Wasu su ɗebo yashi a rafi su tankaɗe, kada tsakuwa ta biyo. Biyu su riƙe taɓarya. A kowace lanƙwasa ka bar rami a buɗe, ka tsayar da mutum mai natsuwa ya riƙa tura waya da tafin hannu. Mai kalangu ma ka bar shi ya yi kiɗansa wurin masu haƙa, amma ka ce ya huta in an fara ja, domin kana so ka ji muryar wanda zai ce ta tsaya. Igiyar ja kuwa hannunka kaɗai. Da yatsu za ka ja, ba da ƙugu ba. Ka gwada waya tana kan gammo, ka sake gwadawa bayan ja, kuma kada fitilar testa ta ruɗe ka yadda ta ruɗe ni. Ka bi abin da ya fito da hannunka, in ka ji wurin da ya sirance ko ya saɓule, ka zare ka sake, ko da za a ce Injiniya ya cika tsirfa. Ka bar rara a kowane ƙarshe, ka naɗe ta a bango.

Duk da haka, mutum ɗan tara ne. Wataƙila ka juya baya wani mai son lada ya kama igiya. Saboda wannan, ka duba cikin damin tiyub, za ka ga wani zaren auduga a naɗe a tsinke. Kada ka ɗaura igiyar ja kai tsaye a kan waya. Ka sa zaren nan a tsakaninsu, tsawon taƙi ɗaya. Yana ɗaukar jan hannu ɗaya mai hankali, amma in aka sa masa ƙarfi shi zai tsinke, waya ta tsira. In ya tsinke za ka sha wahalar sake zura igiya, za a yi maka dariya, wani ma zai ce wane irin injiniya ne ke aiki da zaren kaka. Ka yi dariyar tare da su, ka ɗaura wani.

Innarka ce ta murza shi. Na faɗa mata kaurin da nake so, ta yi ta murzawa a cinyarta tana miƙo mini ina gwadawa a ƙofar shago, wannan ya yi ƙarfi, wannan ya yi rauni, har muka dace. Ba ta tambaye ni na mene ne ba, ta sani. Ita ma ba za ta ce maka komai ba gobe, za ta miƙo maka ƙunshin dambu ta koma ɗaki, kada ka ɗauka ba ta damu ba. Tun da aka kira ka aikin nan ba ta gama cin tuwonta.

Ka shiga motar safe, wadda ta cika da mutane, kada ka yarda da ta yamma ko kyauta ce. Ka tambayi direbobi labarin hanya kafin ka taso, in sun ce a dakata, ka dakata, babu wanda ke binka da agogo. Ka riƙe sallarka da addu'ar tafiya. In aiki ya nemi ƙarin kwana don a sake jan waya ɗaya, ka ƙara, na fi son ka daɗe a can da ka koma.

Ina alfahari da kai, ga shi na rubuta tunda baki ya kasa. Ina kuma jin tsoro, shi ma ga shi na rubuta. Matan garin nan suna da haƙƙi a kanka, ka yi musu aikin da zai kai 'ya'yan da za a haifa a ɗakin nan girma. Ni kuma haƙƙina ɗaya ne, kada wani ya sake hawa tudu yana neman lambarka. In sun kira ka, ya zama gayyatar suna ce, ita ma ka aika da goro ka zauna gida.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sa albarka a hannunka, Ya kare ka daga sharrin hanya da na daji, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Zan riƙa fitar da kujerata ƙofar shago, wajen da ake hango masu fitowa daga tasha. Jakar nan ina so in ga ta dawo babu tiyub ko ɗaya a ciki, zaren ya ƙare, kai kuma kana ɗauke da ita a kan ƙafafunka biyu.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sani Mai Waya